Ido Da Rana: Tarihin Baƙin Tabarau Da Masu Tuƙa Jirgi Daga Ƙasa

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. Idan akwai wanda wannan magana ta hau kansa daram, to bai wuce mai tuƙa ƙaramin jirgin sama da rediyo ba, wato irin jiragen nan na sha'awa da ake ƙerawa da katako marar nauyi ko soso, mai abin yana tsaye a fili da akwatin sarrafawa a hannu, jirgin kuwa yana can sama yana shawagi kamar shirwa. Matuƙin babban jirgi yana zaune ne cikin jirginsa, agogunan awo suna gabansa, jikinsa kuma yana gaya masa in jirgin ya karkata. Shi kuwa wannan na ƙasa ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Da idonsa yake auna nisa, da shi yake gane ko jirgin tahowa yake yi ko tafiya, ko cikinsa ne ke kallon ƙasa ko bayansa. Idan rana ta kashe masa ido na daƙiƙa 3 kacal, jirgin da ke gudun kilomita 100 a awa ya riga ya ci fiye da mita 80 babu mai riƙe da linzaminsa, kuma inda zai faɗa, ko gona ko kan mutum, Allah kaɗai Ya sani.

Wannan ne ya sa zaɓen baƙin tabarau ya zama babbar magana a tsakanin masu wannan sha'awa a Turai da Amurka, inda aka haifi wasan. Mu ma nan ba a bar mu a baya ba, domin masu ɗaukar hoton biki da jirgi marar matuƙi suna fama da matsala iri ɗaya. Abin da muke son nunawa a wannan maƙala shi ne, kowane irin gilashi da ke kasuwa an ƙirƙiro shi ne domin maganin matsalar wasu mutane daban a wani zamani daban, kuma babu wanda aka fara yi domin mutumin da zai tsaya a ƙasa ya ɗaga kai yana bin ɗigo a sararin samaniya. Wanda ya san wannan tarihi, shi ya san abin da zai saya.

Kafin Zuwan Jirgi

Tun kafin a san gilashi ɗan Adam yake neman tsari daga hasken da ke kashe ido. Mutanen Inuwit, mazauna ƙasashen ƙanƙara na arewacin Kanada da Alaska da Girinlan, sun daɗe suna sassaƙa ƙashi ko itace ko haure su yi abin rufe ido, su tsaga masa siririyar kafa a kwance, wani lokaci su shafa baƙin kunkunniya daga ciki. Dusar ƙanƙara tana mayar da hasken rana cikin ido har ta makantar da mafarauci na kwana ɗaya ko biyu, wannan kafa kuwa tana rage hasken. Dabara ce mai kyau ga mai kallon gabansa, sai dai tana toshe gefe da sama.

Ta fannin ilimi kuwa, babban malamin da ya buɗe ƙofa shi ne Hasan Ibn Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekarar 965 Miladiyya, ya rasu a Alƙahira wajen 1040. A zamaninsa masana da yawa sun ɗauka haske daga ido yake fita ya taɓa abin da ake kallo. A littafinsa Kitabul Manazir ya rushe wannan ra'ayi, kuma daga cikin hujjojinsa akwai abin da kowane yaro ya sani: wanda ya kalli rana idonsa yakan yi zafi, in ya kawar da kai kuma siffarta takan zauna masa a ido na ɗan lokaci. Ashe ke nan haske shigowa yake yi, kuma yana barin tabo. Wannan tabon na ɗan lokaci shi ne babban abokin gaban mai tuƙa ƙaramin jirgi har gobe.

A ƙarni na 18 maƙeran gilashi na birnin Benis a Italiya, birnin da titunansa ruwa ne, sun riƙa yin koren tabarau domin rage ƙyallin ruwa. A 1801 wani Bajamushe mai suna Johann Ritter ya gano cewa a cikin hasken rana akwai wani ɓoyayyen haske da ido ba ya gani, wanda masana ke kira ultrabayolet. Daga baya aka tabbatar yana ƙona fata, yana kuma cikin abubuwan da ke kawo yanar ido. A 1913 Sir William Crookes na Ingila, a ƙoƙarinsa na kare idanun ma'aikatan masana'antar kwalba, ya samo haɗin gilashin da ke tare wannan haske alhali shi kansa gilashin bai yi wani duhu ba. Daga nan muka sami darasi na farko: duhun gilashi daban, kariyarsa daban.

Shi kuwa baƙin tabarau na ado mai araha, Sam Foster ne ya baza shi a kasuwa a 1929, inda ya fara sayar wa masu shan iska a bakin teku a birnin Atlantic City na Amurka. Jikokin wannan tabarau ne muke gani a faifan 'yan talla a tasha da bakin danja.

Gudummawar Mayaƙan Sama

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya koya wa matuƙa cewa rana makami ce. Ƙa'idojin faɗan sama da Bajamushe Oswald Boelcke ya tsara a 1916 sun shawarci matuƙi ya sa rana a bayansa in zai kai hari, domin abokin gaba ya kalle shi ya ga haske kawai. Jiragen wannan zamani a buɗe suke, matuƙi yana ɗaure da gilashin kare iska a fuska. Irin waɗannan buɗaɗɗun jirage ne guda 3 na sojan saman Ingila suka taso daga Helwan ta ƙasar Masar suka sauka a Kano ranar 1 ga Nuwamba, 1925, ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham.

A watan Fabrairu na 1920 wani matuƙin gwaji na sojan Amurka, Rudolph Schroeder, ya hau sama fiye da ƙafa 33,000, wato kimanin kilomita 10. A can iskar shaƙarsa ta sami matsala, ya ɗaga gilashin fuskarsa, nan take sanyi ya daskarar masa da idanu, ya suma, jirgin ya yi ta faɗowa, da kyar ya farfaɗo ya sauke shi. Abokin aikinsa John Macready yana cikin waɗanda suka ga halin da ya sauko a ciki. Shi ne daga baya ya haɗa kai da kamfanin Bausch & Lomb na birnin Rochester domin a yi wa matuƙa gilashin da zai tare hasken sama ba tare da ya dusashe gani ba. A 1936 aka fito da samfurin farko mai koren gilashi, a 1937 aka raɗa masa suna Ray-Ban. An yi shi da faɗi, ya zubo ƙasa kamar ɗigon hawaye, domin ya rufe duk inda ƙwayar ido za ta juya.

Daga wannan gida abubuwa uku suka fito da suka shafi maganarmu. Na farko, a 1938 an fito da rawayan gilashi domin maharba, wanda ke tare shuɗin haske ya sa abu ya fito rangaɗau a cikin hazo. Na biyu, a shekarun 1940 an yi gilashi mai duhu daga sama, mai haske daga ƙasa, domin matuƙi ya kalli sama ya kuma iya karanta agogunansa. Na uku, a 1953 an fito da gilashin G-15, mai launi tsakanin toka da kore, wanda ke barin kashi 15 cikin 100 na haske ya wuce, kuma ba ya sauya launin abin da ake kallo sosai.

Edwin Land Da Gilashi Mai Rariya

Akwai wani reshen tarihin da ya biyo ta wata hanya. A 1808 wani injiniyan sojan Faransa, Étienne Malus, yana kallon hasken faɗuwar rana a tagogin fadar Luxembourg ta birnin Faris ta cikin wani dutse mai ɗaukar ido, sai ya lura in ya juya dutsen hasken yakan ƙaru ya kuma ragu. Abin da ya gano shi ne, haske yana tafiya ne yana kaɗawa ta kowace fuska, amma in ya bugi abu mai santsi kamar ruwa ko gilashi ya dawo, akasarinsa yakan koma kaɗawa ta fuska ɗaya. Shekara guda bayan haka François Arago ya gano cewa shuɗin sararin sama ma haka yake.

Domin mai karatu ya fahimta, ya ɗauki misalin mutumin da ya ɗauko gora a gicciye zai shiga ƙofar zaure. Ba zai shiga ba sai ya miƙar da ita tsaye. Ƙyallin da ke tasowa daga ruwa ko kwalta a gicciye yake zuwa, saboda haka in aka sami gilashi mai ƙofofi a tsaye, ƙyallin zai tsaya a waje, sauran haske ya wuce.

Wanda ya mayar da wannan ilimi haja shi ne Edwin Land, wanda ya bar Jami'ar Harvard yana saurayi domin ya bi wannan bincike. A 1929 ya nemi rajistar wata leda da ya jera ƙananan ƙwayoyi a cikinta duk suna fuskantar gefe guda, a 1937 kuma ya kafa kamfanin Polaroid. Babban burinsa shi ne a sa wannan leda a fitilun mota da gilashin gaba domin direbobi su daina kashe wa juna ido da dare. Kamfanonin mota ba su karɓa ba, amma masunta da direbobi suka rungumi tabaran, domin masunci yana iya hango kifi a ƙarƙashin ruwa. Shi ne gilashi mai rariya da 'yan kasuwa ke kira folarais.

Abin lura a nan shi ne, Hukumar Kula da Zirga-zirgar Jiragen Sama ta Amurka ba ta shawartar matuƙa su sa irin wannan gilashi. Dalilanta su ne, yana iya baƙanta allon na'urorin jirgi, yana fito da zane-zane a gilashin gaba, yana kuma ɓoye ƙyallin fiffiken wani jirgi da ke tahowa, alhali wannan ƙyallin ne yakan fara sanar da matuƙi cewa ba shi kaɗai ba ne a sama. Abin da ta fi so shi ne ruwan toka mai barin kashi 15 zuwa 30 cikin 100 na haske. Ashe abin da ya zama magani ga masunci yana iya zama cuta ga matuƙi.

Masu Tuƙi Daga Ƙasa

Da yawa daga cikinmu mun tashi muna ƙera mota da jirgi, har ma da tabarau, da karan dawa bayan kaka. To, wannan sha'awa ta yara ita ce tushen jirgin sama kansa. A 1871 Alphonse Pénaud ya tashi wani ɗan jirgi mai aiki da murɗaɗɗiyar roba a wani lambu na birnin Faris, ya yi tafiyar kimanin mita 40 cikin daƙiƙa 11. A 1878 mahaifin Wilbur da Orville Wright ya kawo musu tsarabar wani abin wasa mai tashi da aka yi bisa dabarar Pénaud, kuma su ne suka tashi jirgi mai inji a 1903.

Sarrafa abu daga nesa kuwa, Nikola Tesla ya nuna shi a 1898 a birnin Niyok da wani ɗan kwalekwale mai karɓar umarni ta iska. A 1936 aka kafa ƙungiyar masu ƙananan jirage ta Amurka, a 1937 kuma aka fara gasar jirage masu rediyo a birnin Detroit. A wannan lokaci ne wasu tagwaye daga garin Kalamazoo, Walter da William Good, suka ƙera jirginsu mai suna Guff. Ɗaya gwanin ƙira ne, ɗaya gwanin rediyo. Jirgin ya ci gasar ƙasa fiye da sau ɗaya, daga bisani aka kai shi gidan tarihi na Smithsonian. A 1960 aka yi gasar duniya ta farko ta wasan alkafura da irin waɗannan jirage a Dübendorf ta ƙasar Suwizalan, inda Ed Kazmirski na Amurka ya zo na ɗaya.

Tun daga lokacin rediyo ta yi ta samun ci gaba, har zangon da take kaiwa ya zarce inda ido ke kaiwa. Babu wanda rayuwarsa ta nuna wannan kamar Maynard Hill. A 1970 ya kai ƙaramin jirginsa sama da mita 8,000, abin da bai yiwu ba sai da taimakon manyan madubin hangen nesa na sojan ruwa. Da tsufa ya zo, ciwon ido ya cinye masa gani har hukuma ta lissafa shi cikin makafi, sai ya riƙa rina gam ɗinsa ja domin ya ga inda ya shafa. A haka, yana da shekara 77, ya ƙera jirgin da bai wuce kilo 5 ba, wanda ya tashi daga Newfoundland ta Kanada a watan Agusta na 2003, ya ƙetare Tekun Atalantika, ya sauka a ƙasar Ailan bayan kusan awa 39 da tafiyar kimanin kilomita 3,000. Na'ura mai bin tauraron ɗan Adam ce ta riƙe shi a kan teku, amma da ya iso gaɓa, mutum ne mai suna Dave Brown ya hango shi da idonsa ya sauke shi da hannu. Dokokin ƙasashe da yawa ma a kan ido suka tsaya, domin sun wajabta wa mai jirgi kada ya bari jirginsa ya ɓace wa ganinsa.

To, Wanne Za A Zaɓa?

Idan muka tattara wannan tarihi, za mu ga ya amsa tambayar da kansa.

Daga Crookes mun koyi cewa kariya ita ce gaba da komai. Mai wannan wasa yakan shafe awoyi kansa a ɗage, abin da manomi ma ba ya yi. A tsakiyar baƙin ido akwai 'yar ƙofa da ke tsukewa in haske ya yi yawa, ta buɗe in an shiga duhu. Baƙin gilashin da ba ya tare ultrabayolet yaudarar wannan ƙofa yake yi, ta buɗe, cutar ta shiga fiye da in babu tabaran. A nemi mai alamar UV400, a kuma tuna cewa kowa na iya buga tambari, saboda haka ya fi kyau a saya a wurin masu auna ido. Araha ba ta ado.

Daga G-15 mun koyi gwargwadon duhu. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta kasa tabarau aji 5, daga 0 zuwa 4. Aji na 3 yana barin kashi 8 zuwa 18 cikin 100 na haske, shi ne na rana tsaka. Aji na 2 yana barin kashi 18 zuwa 43, shi ya dace da ranar gajimare ko yamma lis. Aji na 4 na masu hawan duwatsun ƙanƙara ne, har an hana tuƙa mota da shi, kuma jirgi yakan koma baƙar inuwa a cikinsa, a kasa bambance cikinsa da bayansa.

Daga maharba mun koyi launi. Masu ƙananan jirage sukan shafa wa saman fiffike launi daban da na ƙasansa domin su gane juyinsa daga nesa. Ruwan toka yana barin waɗannan launuka yadda suke. Ruwan ƙasa da ruwan zuma suna rage shuɗin haske su fito da gefen jirgi sosai, sai dai sukan ɗan sauya launi. Rawaya zalla kuwa ba ta da duhun da zai ishi mai kallon sama da rana.

Daga Malus da Land mun koyi iyakar gilashi mai rariya. Mai tashin jirgi a kan tafki ko kusa da kwalta da rufin kwano zai ji daɗinsa. Yakan kuma duhunta shuɗin sama, musamman in rana tana gefen kafaɗar mutum, sai farin jirgi ya fito fes. Amma in mutum ya karkata kai duhun yakan sauya, allon akwatin sarrafawa yana iya yin baƙi ƙirin, ƙyallin fiffike kuma yakan ɓace. Haka nan ƙura da gajimare suna wargaza jerin hasken sama, saboda haka a hazon hunturu irin namu amfaninsa a sama kaɗan ne, ruwan ƙasa ya fi shi. Mai son gane shi ya kalli allon kalkuleta ta cikinsa yana juya shi, in allon ya yi baƙi to shi ne. Shi ya sa ra'ayin masu wasan ya rabu a kansa, kuma kowane ɓangare yana da hujja, domin ba sama ɗaya suke kallo ba.

Akwai kuma gilashin da ke yin duhu da kansa in an fita rana, wanda kamfanin Corning ya ƙirƙiro a shekarun 1960. Yana da jinkirin sauyawa, kuma zafi yana rage masa duhu, abin da ya kamata mazaunin ƙasar zafi ya sani. Ta wajen ƙwari kuwa, robar folikabonet ta fi gilashi, domin farfela tana iya karyewa ko ta watso tsakuwa.

Daga Inuwit da Macready mun koyi cewa haske ba ta gaba kaɗai yake shigowa ba, don haka tabarau mai faɗi da ya rungumi fuska, haɗe da malafa ko hula mai baki, ya fi ƙarami mai tsada. Daga Boelcke kuwa mun koyi dabarar da ba ta cin ko kwabo: a sa rana a baya. Da safe a fuskanci yamma, da yamma a fuskanci gabas. In kuwa dole jirgi ya gifta ta gaban rana, tsofaffin hannu sukan rufe ido ɗaya har ya wuce, sannan su buɗe shi su ci gaba da shi, tunda tabon da Ibn Haisam ya bayyana bai taɓa shi ba. Babu wani baƙin tabarau, komai tsadarsa, da ya halatta wa mutum ya ƙura wa rana ido.

Kammalawa

Mun ga yadda abu ɗan ƙarami da ake ratayawa a hanci ya tattaro mafaraucin ƙanƙara da malamin Basra da mayaƙin sama da masunci. Kowannensu ya warware tasa matsalar, ya bar wa na baya ya duba ko ta yi daidai da tasa. Mai ƙaramin jirgi da zai sayi tabarau, sai ya fara tambayar kansa wace irin sama zai kalla, da wane lokaci, a kan ruwa ko a kan tudu, kafin ya tambayi kuɗi. Jirgi in ya faɗi ana ƙera wani, ido kuwa ba a sayar da shi a kasuwa.

Ga 'yan'uwa marubuta kuwa, sau nawa muke sanya wa tauraron labarinmu baƙin tabarau domin kawai a san ɗan gayu ne ko ɗan sandan ciki? Da za mu riƙa bin diddigin irin waɗannan ƙananan abubuwa da ke hannun mutanen da muke ƙirƙira, da rubutunmu ya ƙara nauyi, mai karatu kuma ya tashi da guzuri. Allah Ya kare mana ganinmu, Ya ƙara mana basira, amin.